Ranar da Tommy Cooper Ya Faɗi

Tommy Cooper, ɗan barkwancin Birtaniya mai jar dara, da kuskure ya yi suna. Gwanin rufa-ido ne, amma da gangan yake ɓata wasansa, jama'a su yi ta sheƙa dariya. A 1984, ana nuna shi kai tsaye a talabijin daga Landan, ya yanke jiki ya faɗi. 'Yan kallo suka ɗauka wasa ne, suka yi ta dariya. Ashe zuciyarsa ce ta buga. Bai tashi ba.

Manhaja nake rubutawa, kuma na san wadda kullum take kukan ƙarya, ranar da ta lalace da gaske ba mai waiwayarta. Shi ya sa in abokina sarkin raha ya ce ya gaji, nakan haɗiye dariyata in saurare shi.