Rola Ba Ta Kwana Da Fenti

A hannun kawuna na koyi sana'ar fenti a Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, kuma na daɗe ina bin sa kafin ya yarda in taɓa bango. Aikina wankin rola da burushi ne kawai. A lokacin ina ganin tamkar raini ne. Idan na ɓata rai sai ya ce, "Ɗana, wagga rola ita ka ciyar da mu, riƙe ta da kyau."

Abin da ya fi tsananta a kai shi ne shafen farko, wanda ake yi wa sabuwar filasta kafin a sa kala. An haɗa shi ne don ya kama siminti ya toshe ƙofofinsa, don haka yadda yake kama bango haka yake kama gashin rola. Ga kuma yanayin ƙasarmu. A watan Maris da Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, da hunturu kuma iska ta bushe ƙayau. Ka ajiye rola ka tafi sallar Azahar, kafin ka dawo bakinta ya fara ƙandarewa. Shi ya sa kullum akwai leda a aljihuna. In zan ɗan huta sai in naɗe ta tsam, in ɗaure, in sa a inuwa.

Wankin kansa yana da tsari. Da farko nakan tatse fentin da ta sha da gefen wuƙar kankara, ya koma bokiti, kuma za ka yi mamakin yawansa. Sai in murza ta a jikin tsohon buhun siminti har ta daina ba da kala, sannan in zare ta daga ƙarfenta. In fentin ruwa ne, ruwa da ɗan omo sun isa: a matse, a canza ruwa, a sake matsewa, har sai ruwan ya fito garau. Nakan buɗe gashin da yatsa in duba can gindinsa, domin a nan fentin yake ɓuya, gobe ya fito ya yi wa bango zane. In fentin mai ne, ruwa ba ya jin sa, sai kananzir ko tina, daga baya a bi da sabulu. Ƙarfen ma a goge shi, in ba haka ba ya cije ya daina juyawa. A tsaye ake shanya ta ko a rataye, domin in ta kwanta gefe ɗaya zai lafe.

Ruwan wankin nan yana damuna ƙwarai. Na sha ganin ana watsar da shi kusa da rijiya ko inda awaki suke sha. Ni nakan bar shi a bokiti ya kwana, dattin ya kwanta, in bar shi ya bushe in kwashe.

Gab da Sallah ko lokacin gyaran ɗakin amarya, kowa sauri yake, kuma a nan ne rola take mutuwa, alhali sabuwa sai an je Tambuwal ko Sakkwato. Ku masu ba mu aiki, don Allah in kun ga mai fenti ya tashi da sauran rana, ba gudun aiki yake ba. Ku ba shi jarkar ruwa ɗaya da rabin awa ya wanke kayansa.