Wala-wala Ba Sa'a Ba Ce

A wannan wata muna so mu taɓo wani zance da muka daɗe muna jin nauyin faɗarsa, domin mu ma abin ya taɓa cin mu. Zancen kuwa shi ne na wala-wala, wato cacar nan ta karta uku da ake shimfiɗawa a kan kwali a bakin tasha, wadda Faransawa ke kira bonneteau.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wani ɗalibinmu na ajin ƙarshe na firamare, ɗan shekara 14, a nan unguwarmu ta Biafra a Treichville. Mahaifinsa mai sayar da garba ne. Ya ba shi jika 30 ya kai wa wani ɗan'uwansu a tashar Adjame, wanda zai tafi da su gida Maraɗi. Yaro ya hau bas ya haye gada, ya sauka, sai ya tarar da mutane sun yi da'ira. A gabansa wata mata ta ci jika 5, wani dattijo ya ci jika 10. Shi ma ya ga idonsa na bin jar karta sarai. Ya sa jika 5 ta tafi, ya sa 10 domin ya fanso ta, ita ma ta tafi, ya zuba sauran. A masallaci ya kwana don tsoron gida. Duk wanda ya san ribar da ke cikin faranti ɗaya na garba ya san gumin kwana nawa ne jika 30.

Da aka kawo mana shi don mu yi masa faɗa, sai bakinmu ya yi nauyi. Shekara 20 da suka wuce, muna sabbin fitowa daga makarantar horar da malamai ta CAFOP, rabin kuɗin da muka fara karɓa a irin wannan kwali ya ƙare. Ga mu da ilmin lissafi, muka ce karta uku ce, ko da ka za a cinka ai sau ɗaya cikin uku sai a dace, balle ga ido lafiya lau. Ba mu san cewa lissafin ba ya aiki a wurin ba, domin babu sa'a a cikin wasan ko kaɗan.

To, ga yadda abin yake. Mai wala-wala yakan ɗan lanƙwasa kartar nan uku a tsaye don su yi daɗin ɗauka. Hannu ɗaya yana riƙe da guda, ɗaya hannun yana riƙe da biyu, wata bisa wata, da ɗan tazara a tsakaninsu. Jar karta ita ce ta ƙasa, kuma zai nuna maka ita. In ya jefa ta ƙasan, ka ga gaskiya. Amma yana iya sakin ta saman ya riƙe ta ƙasan, kuma motsin hannun iri ɗaya ne, ido ba ya rabewa. Daga nan duk bin da kake yi, baƙar karta kake bi.

Waɗanda ka ga suna ci kuwa, mutanensa ne, kuɗinsa ne ke zagayawa a tsakaninsu. Wani cikinsu zai jira ya juya kai, ya ɗan naɗe kusurwar jar karta, ya ƙyafta maka ido kamar ya taimake ka. Mai wasan ya san da haka. Yayin jifa zai miƙe wannan kusurwa da yatsa, ya naɗe ta wata baƙa. In ma ka yi kuskure ka nuna jar, nan take wani nasu zai ɗora kuɗin da ya fi naka, a ce da mai babban kuɗi ake yi. In rigima ta taso, mai gadinsu ya ce ga 'yan sanda, a ɗauke kwali, kowa ya watse. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Bayan abin da ya same mu ne muka shiga neman sanin yadda hannu ke yaudarar ido. Muka gane cewa 'yan dabo masu wasa da karta 52 ba aljanu suke da su ba, horo ne na shekaru. In ka zaɓi karta ka mayar cikin sauran, mai dabo yakan sa tsokar ƙaramin yatsansa a daidai wurin, ya bar wata 'yar kafa da ba a gani daga gaba, daga baya ya yanka a daidai nan, kartarka ta dawo sama. Akwai cuɗawar ƙarya, wadda za ka ga ana ta juya karta alhali ta saman ba ta gusa ba. Akwai ɗaga biyu a manne kamar guda. Akwai kuma leƙen ta ƙasa a riƙe ta a zuciya, don in an yanka ta faɗo a kan taka, ta zama shaida. Uwa uba, yakan yi aikin ne a lokacin da ya sa ka dariya ko ya yi maka tambaya ka dubi fuskarsa. Duk waɗannan a rubuce suke. Tun 1902 aka buga wani littafi a Chicago ta Amurka mai suna The Expert at the Card Table, wanda ya bayyana da yawa daga cikinsu dalla-dalla, har da jifar karta uku.

Bambancin ɗan dabo da ɗan wala-wala shi ne, na farko ya gaya maka zai rufe maka ido, ka biya ka kalla ka yi dariya. Manyanmu suna tuna Farfesa Peller na Najeriya, wanda ya yi suna da irin wannan wasa kafin a harbe shi a Ibadan a 1997. Na biyun kuwa cewa yake yi wasan gaskiya ne, ya kwashe maka kuɗi.

Kada mu ɗauki rashin sanin wannan abu da wasa. A 1856 gwamnatin Faransa ta tura wani shahararren ɗan dabo, Robert-Houdin, zuwa Aljeriya, don ya nuna wa shugabannin ƙabilu cewa asirin Faransa ya fi na malaman da ke zuga su su yi tawaye. Ya kawo ɗan akwati wanda ƙaƙƙarfan mutum ya ɗaga cikin sauƙi, can kuma ya kasa ko motsa shi. Asirin kuwa ƙarfe ne a gindin akwatin, da maganaɗisun lantarki a ƙarƙashin dandamali. Shi wannan mutum ne kuma a 1861 ya rubuta littafi yana tona asirin masu maguɗin karta. Wanda bai san yadda ake rufe masa ido ba, ba aljihunsa kaɗai ake iya mallaka ba.

Saboda haka muka yanke shawara muka kai karta uku aji. Muka raba wa yara ƙwallayen dabino a madadin kuɗi, muka jefa sau 10, ba wanda ya ci ko sau ɗaya, har da masu cika bakin kaifin ido. Sa'an nan muka juya musu baya suka ga hannun daga inda muke, muka yi a hankali. Aji ya yi tsit. Yaron nan ne ya fara magana, ya ce, "Malam, ashe tun kafin in sa kuɗin an riga an cinye ni."

Washegari sai ga iyaye biyu sun zo da fushi. Ɗaya ya ce, "Malam, mun kawo maka yara ka koya musu karatu, ka ɓuge da koya musu caca?" Ba mu ga laifinsu ba, domin caca haramun ce, kuma mu ma mun yi tunanin kada wani yaro ya ɗauki darasin ya mayar sana'a. Muka ce, "Alhaji, zauna ka gwada idonka." Sau uku yana nunawa, sau uku yana faɗuwa. Ya yi shiru, can ya ce shi ma a shekarar da ya sauka Abijan an yi masa haka, bai taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Wannan shirun shi ne jarin 'yan wala-wala. Kowa ya sha kashi sai ya ɓoye, baƙon da ya sauka gobe da kuɗin guzurinsa ya faɗa ramin da muka faɗa. Muna roƙon masu masauki da shugabannin unguwa, in baƙo ya sauka, kafin a nuna masa hanyar kasuwa a gaya masa labarin kwalin nan. Iyaye kuma a rage aiken yara da kuɗi masu yawa su kaɗai.

Mahaifin yaron ya yafe masa, da sharaɗin zai riƙa taya shi suyar kifi ranakun da babu makaranta har kuɗin su fita. Yana nan yana yi, kuma yana shirin jarrabawar CEPE. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kare mu da zuriyarmu, amin.