Waƙar da Ba Ta Shiga Kaset Ba

Mu da muka tashi tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, waƙa iri biyu ta raine mu: ta fim da ta dandamali. Ta fim kam ta yi sa'a. Tun da Sangaya ya fito a 1999, waƙar fim ta mamaye shagunan kaset da motocin haya. A 2005 aka fara bikin AMAA, inda har sautin fim ake ba lambar yabo. Sai dai sau da yawa muryar da ta rera ake tafa wa, wanda ya zauna ya auna baitocin kuwa ko sunansa ba a ji. Wannan, 'yan'uwa marubuta, mu ya shafa.

To, ina ta dandamali? A Amurka, kyautar Grammy ta ware rukuni guda don faifan waƙoƙin wasan dandamali. A nan kuwa, waƙoƙin da ɗalibai ke rerawa a wasan ƙarshen zango, da kalangu da tafi, a daren suke mutuwa. Wasunsu, wallahi, sun fi na fim da yawa ma'ana. Amma alƙalin gasa ba ya yanke hukunci a kan abin da bai ji ba. Shata ma, da ABU ta ba digirin girmamawa a 1988, faifai da rediyo ne suka kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta taka ba.

Yau kusan kowane malamin wasan kwaikwayo yana da waya a aljihu. Ya ɗauki waƙar, ya rubuta sunan marubucinta da shekara, ya aiko wa ƙungiya kwafi.