Dalilin da ya sa na ƙi saka wa MGB ɗina injin Toyota

Waɗanda ke bi ta layinmu a Agege sun san jar motar nan mai kujera biyu da ta shekara uku a ƙarƙashin rumfar kwano a gidana. Tambaya ɗaya aka fi yi mini a kanta, daga kanikawa har abokan hira: me ya hana ka cire tsohon injin nan ka jefa mata na Toyota ka huta? Tambaya ce ta masu hankali, shi ya sa nake son in amsa ta a tsanake.

Motar MGB ce ƙirar 1966. A garin Abingdon da ke kusa da Oxford a Ingila aka riƙa ƙera irinta daga 1962 har zuwa 1980 da aka rufe masana'antar, kuma an ƙera fiye da rabin miliyan, mafi yawansu Amurka aka kai. Haruffan MG daga sunan Morris Garages aka ɗauko su. Sababbin MG da kuke gani a titi yanzu na kamfanin SAIC ne na ƙasar Sin, suna kawai suka gada. Tawa da sitiyarin dama ta shigo ƙasar nan, lokacin muna tuƙi a hannun hagu irin na Ingila. Bayan Najeriya ta koma hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, mai ita ya sa aka mayar da sitiyarin hagu, kuma har yau ana ganin ƙananan farantan da aka toshe tsofaffin ramukan da su. A Ibadan na saye ta wajen iyalan wani tsohon ma'aikaci da ya rasu. Na tarar 'yan gwangwan sun riga sun taya ta a kan nauyin ƙarfe, saura kwana biyu su zo da wutar yanka.

Wanda ya fi matsa mini a kan maganar Toyota shi ne dattijon bakaniken da ke taya ni aikin, mutumin da ya fara riƙe sifana tun kafin a haife ni. Ranar da muka buɗe bonet ya ce, "Ɗana, ka je Ladipo da safe, kafin azahar ka dawo da injin tokumbo mai lafiya. Kowane yaro a Legas zai gyara maka shi. Wannan kuwa in ya yi tari, sai ka jira jirgi daga Ingila." Na ce, "Baba, a fara duba shi tukuna, in ya mutu sai mu yi masa jana'iza."

Bai mutu ba. Injin MGB mai silinda huɗu ne, girmansa 1,798cc, zubin baƙin ƙarfe ne tun daga gangar har kai, kuma danginsa ne kamfanin BMC ya riƙa sakawa a motocin Austin da Morris na haya da na iyali. An yi shi ne domin ya sha wuya. Namu ya cije saboda dogon zama, sai muka cire fulogi muka zuba gas da baƙin mai ta ramukan, muka bar shi mako biyu yana jiƙa, kullum ana ɗan gwada juya shi da hannu. Ranar da ya motsa Baba bai ce komai ba, tsaki kawai ya yi ya ɗauko akwatin kayan aikinsa. Sababbin ringin fistin, da metal, da gasket, shi ke nan abin da gangar ta nema. Kan injin ne ya buƙaci ƙarin aiki, domin an ƙera shi a zamanin da ake zuba sinadarin dalma a fetur, kuma dalmar ce ke kare mazaunin bawul daga cinyewa. Yanzu babu irin wannan fetur, don haka muka kai wa masu injin gogewa suka dasa mazaunai masu tauri. Tazarar bawul kuwa inci 0.015 ce in injin yana sanyi, da sukudireba da sifana da siririn ma'auni ake saita ta.

Ciwon motar na gaskiya a jikinta yake, kuma nan ne masu cewa a sa Toyota ba su taɓa leƙawa ba. MGB ba ta da shasi daban wanda bodi ke zaune a kai. Triumph Spitfire, wadda ita ma aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, tana da shi, kana iya ɗage bodinta gefe ka yi aiki. A MGB bodin ne ƙashin motar, kuma tunda ba ta da rufin ƙarfe, kusan duk ƙarfinta ya tattaru a dogayen akwatunan nan biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi, daga tayar gaba zuwa ta baya. Kowannensu faranti ne a kan faranti: na waje da ido ke gani, da na tsakiya da ke tsaye a ɓoye, da na ciki, da na ƙasa da ke rufe su. Ruwa da laka na shiga ta bayan tayar gaba su kwanta a ciki, tsatsa ta fara ci daga ciki zuwa waje. Kafin ka ga kumburi a fenti, na tsakiyan ya daɗe da zama gari. A Ingila gishirin da suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke jawo musu wannan. Mu a nan damina mai tsawo da iskar teku sun ishe mu.

Gwaji biyu na yi kafin in biya kuɗi. Na bi jikinta da ɗan maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa na san fila aka cusa. Sannan na sa jak na ɗaga ta ina kallon tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi. Tazarar ta canza a idona, ƙofar direba ta ƙi rufuwa. Motar da ke lanƙwasa a tsakiya haka, in ka ƙara mata injin da ya fi nata ƙarfi, ajalinta ka matso da shi, da naka.

Wata bakwai aikin ƙarfen ya ci mana. Fanel bita biyu na sallama kafin in sami na uku, domin al'adar da ta zama jiki ita ce a lafta faci a kan ruɓa, a shafe da fila, a fesa fenti mai ƙyalli, mai mota ya tafi yana murna. Na ukun, wani matashi mai haƙuri, ya yarda muka bi ƙa'ida. Kafin a yanka komai sai da ya yi waldar sandunan ƙarfe a ƙetaren bakin ƙofofi don kada motar ta karye, aka bar ƙofofin a jiki domin su ne ma'aunin da ke nuna ko komai na zaune daidai, kuma gefe ɗaya aka gama kafin a taɓa ɗayan. Faranti huɗu-huɗun nan daga Ingila na yi odarsu, amma daɓen ƙasa shi ya buga da hannu daga falan ƙarfen da muka saya a nan. Bayan walda muka fesa kakin hana tsatsa a cikin akwatunan, muka buɗe ramukan zubar ruwa da wani ya toshe da fenti shekaru da suka wuce. A can Ingila wanda ke da hali ba ya ma wannan wahala: tun 1988 kamfanin British Motor Heritage ke buga sabon bodin MGB sukutum da ainihin injinan matsi na asali. Na duba farashin da fam, na lissafa da naira, na rufe wayata.

Wani abu da ke ɓata tsofaffin motocin Ingila a hannun kanikawanmu shi ne sifana. Notocinsu da inci aka auna su, ba da milimita ba. Notin rabin inci milimita 12.7 ne, sifana mai lamba 13 za ta shiga ta yi kamar ta kama, sai ka ja da ƙarfi ta murje masa kai. Rabin notocin motata haka na same su. Saitin sifanun inci shi ne abu na farko da ya kamata mai irin wannan mota ya mallaka, kuma kada ya ba da aro.

Kafireto biyu gare ta, ƙirar SU, kuma su ne mutane suka fi tsoro ba gaira ba dalili. A cikin kowanne fistin ɗaya ne da allura, iskar da injin ke zuƙa ce ke ɗaga su. A samansa akwai ɗan murfi da ake ɗiga mai a ciki, in man ya ƙare sai motar ta riƙa shaƙewa idan ka taka totur. Daidaita su biyun da kunne ake yi: Baba ya yanko guntun tiyo, ya kafa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan a bakin kafireto, yana sauraren huci yana murɗa sukuru har sautin biyun ya zama ɗaya. Yaron shagonsa, wanda bai san komai ba sai jona kwamfuta a mota ta faɗa masa ciwonta, ya tsaya baki buɗe. Yanzu shi ke yi mini saitin, kuma kunnensa ya fi nawa.

Kada a ɗauka ban canza komai ba. Wayarin motar na kamfanin Lucas ne na Birmingham, wanda Turawan da kansu suke tsokana da laƙabin Yariman Duhu. A ganina an ɗan zalunce shi, don yawancin matsalar tsatsa ce a mahaɗan waya da rashin kyakkyawan at. Launukan ma a tsare suke: ruwan ƙasa kullum da wuta, fari sai an kunna makulli, kore ya bi ta fis, baƙi na at. Duk da haka, motar 1966 fis biyu kacal gare ta, da dinamo, da batir biyu masu bolt shida-shida a bayan kujeru, kuma kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da bodi, akasin motocin yau. Na juya wannan, kamar yadda masana'antar da kanta ta yi daga ƙarshen 1967. Na sa altaneta, da batir ɗaya mai bolt 12, na ƙara fis, na ƙara fankar lantarki a gaban lagireto, domin wanda ya zana ta bai taɓa tsayawa a cunkoson Oshodi da rana tsaka ba. Tiyon birki duka sababbi ne, tayoyi ma haka, kuma na sa bel. A kan birki ba na jayayya da kowa.

Iyakar da na shata ita ce: duk abin da noti ke kwancewa, wanda wani zai iya mayarwa gobe, na yarda a canza shi, tsohon kuma yana cikin kwali a ɗakin ajiya da takarda a jikinsa. Injin Toyota ba ya cikin wannan sahu. Sai an yanke mazaunin injin, an sauya giya, an faɗaɗa ramin da take bi, an yanke furofela, an taɓa ƙarfen da muka yi wata bakwai muna ceto. Ban ce wanda ya yi haka ya yi laifi ba. MG da kanta ta saka injin Rover mai silinda takwas a MGB GT daga 1973 zuwa 1976, kuma a Ingila akwai masu saka injin Mazda, motocinsu na gudu lafiya. Amma su suna da dubban MGB a ƙasarsu, in an yanka ɗari ba a yi asara ba. Ni a duk yawona a Legas da Ibadan, waɗanda na gani da idona ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Gaskiyar Baba tana nan inda ya ce sai na jira jirgi. Na taɓa yin mako shida ina jiran robar famfon kuloci da ba ta kai girman murfin kwalba ba, kuma kowane faɗuwar naira sai na ji shi a aljihuna. Uwargida tana da nata lissafin, ba na musa mata.

Ina da roƙo ga 'yan'uwanmu masu sana'ar gwangwan, don ta hannunku irin waɗannan motoci suke ƙarewa. In kun ci karo da ƙaramar mota mai kujera biyu a bayan wani tsohon gida, ku duba sunan kafin ku kunna wuta: MG, Triumph, Austin-Healey, ko Jaguar mai dogon hanci. Ko bodin ya ruɓe, kafireton SU, da agogunan Smiths na gaban direba, da bambar kurom, da firam ɗin gilashin gaba, kowanne ya fi kuɗin nauyinsa nesa ba kusa ba. Ku ɗauki hoto ku tambaya tukuna.

Tawa yanzu tana tashi da bugu ɗaya, na kai ta Ikeja na dawo sau biyu da sassafen Lahadi kafin titi ya cika. Saura sifirin baya na hagu da ya kwanta, da tantin rufi, wanda wani mai ɗinkin kujerun mota a Mushin ya ɗauki awonsa makon jiya.