Na kai Inna bakin tafkin Madarunfa



Mu mutanen gulbin Kaba, ruwan da muka sani shi ne na damina. Ya taho, ya cika fadama, wata biyu ya tafi ya bar mu da goruba da rairayi. Shi ya sa in aka ce ma yaron Gazawa akwai garin da ake shiga jirgin ruwa a watan Maris a cikin jihar Maraɗi, sai ya ɗauka zolaya ce. Alhali garin yana nan, Madarunfa, kudu da Maraɗi da tafiyar kilomita ashirin da wani abu, kuma da yawanmu mun je Kano mun je Kwatano ba mu taɓa leƙa shi ba.

Ni abin da ya kai ni Inna ce. A wani ƙauye na wajen aka haife ta, aka kawo ta Gazawa aure tana yarinya, kuma rabonta da tafkin ya fi shekara arba'in. Bana da aka gama ɗaurin hatsi ta ce mani: "Kai ni in ga ruwan nan tun idona na gani, in gaida waliyyai." To, nan gizo ke saƙa. Ƙanena, wanda shi ke da motar, ɗalibin ilimi ne, kuma a wurinsa zuwa kabari neman albarka abu ne da ba ya wasa da shi. Ya ce zai kai ta ko'ina ban da can. Kwana uku ba su gaisa da kyau ba. A ƙarshe ya ce zai tuƙa, amma ƙafarsa ba za ta taka wurin ba. Inna ta ce: "Mi na ruwana da ƙahwarka? Motar nika so."

Muka bi gudoro ta Agiye da Cadawa, muka ratsa Maraɗi muka yi kudu. Kafin mu tashi sai da na buga waya na tambayi lafiyar hanya, don kowa ya san abin da ƴan bindiga ke yi a ƙauyukan bakin iyaka na wannan yanki. Aka ce mu taho da rana mu koma da rana. Haka muka yi, kuma shawarar da zan ba kowa ke nan.

Kafin ka ga ruwan, kukoki za ka fara gani, manya-manya, tsofaffi. Sannan iska ta sauya, ta yi sanyi, ta ɗauko ƙarnin kifi. Tafkin yana samun ruwansa daga gulbin Gabi da gulbin Maraɗi, waɗanda duka daga Najeriya suke gangarowa. Bayan damina ya kan bazu ya shanye gonakin bakinsa, da rani ya ja baya, mutane su bi sawunsa da shukar rani. Masunta na gyaran koma a inuwa, mata na suyar tarwaɗa da gargaza, belbela da zalɓe na tsaye cikin ruwa kamar su ma an ba su aiki. Na biya wani saurayi ya zaga da ni cikin jirgi. Da muka yi nisa ya dafa sandarsa ƙasa ya nuna mani inda ruwan ya tsaya a jikinta, ya ce a nan wurin, zamanin babansa, sandar ba ta taɓa ƙasa. Rairayi da laka ne gulbi ke kwasowa kowace shekara yana zubawa. Wani dattijon masunci kuma ya ɗora laifin a kan madatsar Jibiya da ke jihar Katsina, ya ce tun da aka gina ta gulbin Maraɗi bai ƙara zuwa da ƙarfinsa na da ba.

Kaburburan kuwa ba a wuri ɗaya suke ba, warwatse suke kewaye da tafkin. Mutanen garin suna cewa waliyyai 99 ne ke kwance a nan, kuma wasunsu za su rantse maka sun ga haske na tashi daga wurin a daren Juma'a. Ni ban kwana ba, ban ga haske ba. Abin da na gani ƴan katangu ne gajeru da aka kewaye wasu kaburburan da su, wasu sun tsage, awaki na ratsawa. Tun 2006 Nijar ta sa tafkin da gandun dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta amsa a matsayin kayan tarihin duniya. Wanda ya tsaya inda na tsaya zai ce wannan takarda ba ta iso Madarunfa ba tukuna.

Inna ta cire takalmi, ta yi sallama, ta zauna. Na matsa kusa don in ji abin da take roƙo, tunda a kansa aka yi rigima a gida. Ba ta roƙi na cikin kabarin komai ba. Gafara ta nema masu, ta nema ma iyayenta da ke kwance a ƙauyensu, sannan ta jero sunayen ƴaƴanta ɗaya-ɗaya, ta fi daɗewa a kan na wanda ya ƙi fitowa daga mota. Da na koma na faɗa masa, ya yi shiru, can ya ce: "Yaya, in haka ne wannan ziyara ce, ba a hana ta ba. Amma ba kowa ke tsayawa inda ta tsaya ba." Na san yana da gaskiya a nan, don na ga wata tana ɗibar ƙasar wurin tana ƙullewa a gefen zane. Bai dai shiga ba. Amma shi ya je ya riƙo hannun Inna daga bakin katanga zuwa mota, ya sai mata kifi na jaka biyu.

Mun kwana Maraɗi wurin dangi. Washegari na ce tunda an fito a ƙarasa. Muka tsaya ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. Yaran da ke tare da mu, ƴan lakwal ne duka, babu wanda ya iya gaya mani dalilin da ya sa ake cewa Sarkin Katsina alhali muna cikin Nijar. Sai na ba su a taƙaice: masu jihadi sun ci Birnin Katsina a 1807, gidan sarautar ya yo arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Tsohon garin ma a cikin fadama yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau tudu.

Daga nan Tsibiri, ƴar tafiya kaɗan, cikin yankin Gidan Runji. Ita ma ɗiyar yaƙi ce. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar Gobirawa da Katsinawa a Gawakuke, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka faɗi a fagen, Mayaƙi ya tattara sauran Gobirawa ya kafa Tsibiri. Dogaran fada sun amshe mu da fara'a, da suka ji Katsinawa ne mu kuwa aka buɗe wasa. Ɗayansu ya ce ma Inna ai Sarkin Gobir na neman mai daka masa fura. Ta ce ya je ya faɗa masa ta iso, amma a fara biyan kuɗin man motar ɗanta.

Yanzu maganar da ake a gida ita ce Mauludi, lokacin da jama'a ke cika bakin tafkin. Inna ta ce za ta koma. Ƙanena ya ce ranar motarsa na gareji. Ni kuma na fara tambayar kuɗin mota daga tashar Maraɗi zuwa Madarunfa, wanda ya sani ya taimaka mani da shi.