Ɗaki a Hayyul Ashir

Kwana goma sha ɗaya na yi ina bin dillali a Madinat Nasr kafin na samu inda zan ajiye akwatina. A Alƙahira simsar ake ce masa. Ladarsa kuɗin hayar wata guda ya karɓa, ban da na ajiya da mai gida ya riƙe. Mun hau benaye har ƙafafuna suka yi tsami. Wani gidan da an ga fuskata sai a ce an riga an bayar. Wannan ya fi hawan benen ciwo, har yau yana raina.

A ƙarshe Hayyul Ashir ce ta karɓe ni, unguwar da 'yan Sudan da ɗaliban Azhar daga ƙasashenmu suka yi yawa. Hawa na biyar, ɗaki biyu, babu tsakar gida. Abin da na fi kewa ke nan, inda mutum zai shimfiɗa tabarma bayan isha'i ya ga sama.

Sannu a hankali na saba da layin. Mai gas yana buga tukunyarsa da sifana tun hantsi. Tsohuwar da ke samana takan zuro kwando da igiya daga baranda, yaron kanti ya sa mata burodi da wake, ta ja abinta. Ranar da sanyin Janairu ya kwantar da ni, kwandon nan ya tsaya daidai tagata, da kofin shayi an rufe shi da faranti, da lemun tsami biyu a gefe. Ashe duk daren tana jin tarina. Na riƙe kofin da hannu biyu, na daɗe ban kurɓa ba.