Abin da Sandar Ɗuri Ta Koya Mini

Jama'a, a garinmu Kurawa ta ƙasar Sabon Birnin Gobir, sa'ad da muke yara, in aka ce "ɗan bindiga" ba wanda gabansa ke faɗuwa. Ɗan bindiga shi ne mutumin da ke shiga gaban sarki ranar hawan Salla yana ta da hayaƙi, yara na toshe kunne suna dariya. Kawuna yana cikin irin waɗannan mutane, kuma maharbi ne. Bindigarsa doguwa ce irin ta gargajiya wadda ake ɗurawa ta baki, watau wadda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga, domin in ka harba sau ɗaya ka kuskure, sai dai ƙafa ta cece ka. Yana da lasinta, yana kuwa adana takardar cikin gafaka kamar wata laya.

Da rani, bayan an gama kai amfanin gona gida, maharba kan taru a bakin fadama su yi 'yar gasa. Sakaina ake ratayewa a jikin aduwa, kowa ya ja da baya ya gwada hannunsa. Ba a cin kome sai yabo, amma fa yabon maharba ya fi kuɗi tsada. Wata shekara da na zo hutu daga makarantar kwana, na matsa wa Kawu sai ya bar ni na shiga. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanda bai iya ɗuri ba, ba ya harbi." Ni kuwa na ɗauka ɗuri aikin bara ne, harbi shi ne aikin maza.

Mako biyu cur ban taɓa kunamar bindigar nan ba. Goge ta nake yi, in koyi zuba albarushi da ɗan ma'aunin ƙahon da Kawu ya gada, in bi shi da tsumma, in danna da sandar ɗuri. Dokokinsa uku ne. Kada a zuba sai da ma'auni. Kada a leƙa bakin bindiga. Kada a yi magana ana ɗuri. A jikin sandar nan akwai wani ɗan zane da ya yi da wuƙa. In aka zura ta cikin bindigar da aka ɗura daidai, zanen kan tsaya daidai da baki. In ya tsaya sama da haka, to akwai magana.

Ranar gasa ta zo. Ina cikin ɗuri sai wani abokina ya kira ni, muka yi 'yar hira muna yi wa wani tsoho dariya don ya kuskure sakainar. Da na juyo sai na manta inda na tsaya, na sake zubawa. Na ɗaga bindiga ke nan zan auna, sai na ji an riƙe mini kafaɗa. Kawu ya karɓe ta, ya zura sanda, sai ga zane ya tsaya can sama. Bai buge ni ba, bai kuma zage ni ba. Ya nuna mini hannun tsohon nan da muke wa dariya, wanda babu yatsu biyu a jikinsa, ya ce, "Shi ma hira ya yi." Ban yi harbi ba a wannan shekara.

Da dare ya ba ni labarin da duk Bagobiri ya sani. Masu tarihi sun ruwaito cewa Sarkin Gobir Yunfa ya kira Shehu Usmanu Ɗanfodiyo fadarsa a Alƙalawa, ya ɗana masa bindiga, sai wutar ta juyo ta ƙone shi shi kansa. Ba a daɗe ba Shehu ya yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, Alƙalawa kuma ta faɗi cikin 1808, ga kufanta nan ba nisa da mu. Malamai sun ce wannan karama ce, Kawu kuwa bai musa ba. Sai dai ya ce maharbi yana da nasa karatun a ciki: bindiga baki biyu gare ta, ɗaya na duban abin da ka auna, ɗaya na dubanka.

Da na shigo jami'a sai na karanta cewa a Amurka da ƙasashen Turai akwai masu gasar harbi da ƙaramar bindigar hannu waɗanda ba su dogara ga harsashin kanti. Sukan tsince kwanson da suka harba, su sake ɗura shi da kansu, domin sauƙin kuɗi da kuma don kowane harsashi ya zama daidai da ɗan'uwansa. Albarushinsu ba irin namu baƙi ba ne. Marar hayaƙi ne, wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙago cikin 1884, ya kuma fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba, har in aka zuba shi a bindigar gargajiya yana iya tarwatsa ta. Awonsu kuwa da wani ɗan mizani ne mai auna kashi ɗaya cikin 7,000 na laba guda. To, abin da ya ba ni mamaki shi ne, babban abin da suke tsoratar da sabon shiga a kansa shi ne zubi biyu a kwanso ɗaya, maganin da suke ba shi kuma shi ne kada ya bari kome ya ɗauke masa hankali. Ashe dokar Kawu ce, wanda bai taɓa shiga aji ba.

Yau fa? Yau kalmar nan "ɗan bindiga" ta zama abin firgita a ƙasarmu. Cikin watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. Cikin Disamba na 2021 aka ƙone matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. Cikin Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Mutanenmu da yawa sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. Gasar bakin fadama ta mutu, gama wa zai yi harbin wasa inda ƙarar bindiga ke watsa kasuwa?

Ba na cewa rashin koyon ɗuri ne ya jawo wannan masifa, dalilanta suna da yawa. Amma nakan tuna cewa a da, kafin yaro ya kai ga kunama, sai ya bi ta hannun wani babba, ya yi makonni yana koyon awo da kame baki, ya san cewa harbi ɗaya rak gare shi kuma za a tambaye shi inda ya kai shi. Yanzu kuwa ana miƙa wa yaro bindigar da ke zuwa a ɗure da harsashi 30, ba wanda ya taɓa riƙe masa kafaɗa.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bindigar ban san inda ta shiga ba, amma sandar ɗurin tana wurina, a jingine bayan akwatin littattafaina. 'Yan'uwana ɗalibai, mu ma kullum ɗuri ake mana a ajujuwan nan, wata rana kuma za a ba mu alƙalami da muƙami. Kafin mu ɗaga, mu riƙa zura sanda mu duba zane. Allah ya maido mana da zaman lafiya a Gobir da ƙasa baki ɗaya, amin.